Tururuwa a Cikin Ludayi

Ni na koyar da Ikilima a aji huɗu da aji biyar, a firamaren unguwarmu a Roni, kuma a shekara ashirin da bakwai da na yi ina riƙe alli ban ga yarinya mai surutunta ba. Idan na yi tambaya, kafin in rufe baki ta amsa. Idan ban yi ba, ita za ta yi mini. Ta taɓa tsayar da ni a gaban allo ta ce, "Malama Zubaida, jiya ba haka kika ce ba." Na tsula mata bulala biyu, na koma gida na duba littafi, na tarar ita ce da gaskiya.

Ubanta makiyayi ne da shanunsa suka ƙare ya zauna noma. Uwarta ta rasu tana da shekara shida, sai goggonta Tasalla ta riƙe ta, ta koya mata suyar gyaɗa da matsar mai da murza ƙuli-ƙuli. Karatunta ya tsaya a aji uku na sakandare, lokacin da idon Goggo ya fara rauni, turmi kuma yana bukatar mai ƙarfi. Na yi faɗa a kan haka har na gaji. Daudu ɗan acaɓa ne, shi ke kai mata buhun gyaɗa inji yana dawo da shi, mutum ne da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ita ta zaɓe shi da kanta. Na ce mata, "Kin kyauta, kin samu wanda zai bar miki filin." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Bayan biki suka tare a gidan da ke jikin nawa. Katangar da ta raba mu gajeruwa ce, ko atishawa suka yi ina ji.

Shekara ɗaya da rabi da auren ta haifi namiji, aka sa masa Musaddiƙ. Daga ranar suna bakin Ikilima ya mutu a kan yaron nan.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta danginta da ta dangin Daudu ta fi ta kowa tsanani. Ba za ta kira sunansa ba. Ba za ta ɗauke shi a gaban manya ba, ba za ta yi masa wasa ba, ba za ta ba shi nono a gaban surukai ba. Idan ya yi kuka a cikin mutane sai ta kau da kai, har sai wata ta ce, "Ke, tashi ki shiga da shi." Idan dole ta ambace shi, sai ta ce ɗan Inna, wato ɗan surukarta, uwar Daudu. Ina ganin haka raina yana ɓaci, amma ba ni da bakin magana. Jalaluddeen, ɗana na fari, shekararsa talatin da biyu, yana da 'ya'ya uku, har yau "kai" nake ce masa.

Sai dai katanga ta tona mata asiri. Idan Daudu ya fita, gida ya yi shiru, ina jin ta tana kiran sunan a hankali, tana ja masa shi, tana ba shi labarin tsadar gyaɗa kamar wani abokin ciniki. Duk surutun da ta hana kanta a gaban mutane, a kansa take sauke shi.

Yana da wata huɗu, a tsakiyar bazara, abin ya fara. Wasu ƙuraje ne jajaye, ƙanana kamar ƙwayar gero, a tafin ƙafarsa da gefenta. Kwana ɗaya suka ɗuri ruwa, suka hau tafin hannu da tsakanin yatsu. Ba zazzaɓi, bai ƙi nono ba. Ƙaiƙayi ne kawai, amma irin wanda ko babba sai ya yi hawaye. Jariri kuwa bai iya susa ba. Sai ya riƙa goga ƙafa da ƙafa, yana murza tafin hannu a jikin zanin goyo, yana kuka har muryarsa ta dishe. Bayan kwana bakwai ko takwas suka bushe, fatar ta saɓe, yaro ya koma dariyarsa. Muka ce alhamdu lillahi. Ba a jima ba suka dawo.

Mai kemis ya duba ya ce ƙazuwa ce. Ya ba da wani farin magani, ya ce kowa a gidan ya shafe jiki daga wuya har ƙafa, a tafasa tufafi, a shanya katifa a rana. Ikilima ta yi, har labulen ƙofa ta tafasa. Ƙurajen suka bushe, kowa ya yaba maganin. Suka dawo. A wani ɗakin shan magani, ma'aikacin ko kujerarsa bai bari ba, daga bayan tebur ya leƙo ya ce ƙazuwa ce, ya ƙara da cewa matan yanzu ba sa tsabta. Matar da ke wanke turmi sau biyu a rana! Karo na uku Kazaure suka je, suka dawo da farin maganin nan dai a wata kwalba daban.

Sunan ƙazuwa kuwa ya bi unguwa. Wa zai ci ƙulin da aka murza da hannu a gidan ƙazuwa? Matan da ke aikowa tun da safe suka ɗauke ƙafa, maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga. Wannan bai dame ta sosai ba, ko kuma ba ta nuna ba.

Wata rana da hantsi ta kira ni ta katanga, na zagaya. Ta miƙo mini hannuwanta biyu, ta juya su.

"Malama, dubi. Ni nake kwana da shi, ni nake goya shi, ni nake wanke masa su. Ko ɗaya kin gani a jikina? Shi ma mai gidan babu. Wace irin ƙazuwa ce mai zaɓen mutum ɗaya?"

Ta ja ni bayan ƙyauren ɗaki, ta nuna mini zane-zanen gawayi a jikin bango, layi-layi.

"Duk Juma'a ta uku suke fitowa, in sun yi latti Asabar. Ko an shafa magani ko ba a shafa ba, kwana takwas suke yi su bushe. Na gwada, karo na biyu sai da na bari suka kwana biyar kafin in shafa."

Na ce, "To kin gaya wa likita?"

"A gaban Goggo? Ai ita ke riƙe da shi, ita ake tambaya."

Ashe haka ake yi. Duk zuwa asibiti babba ce ke ɗaukar yaron, ita ke amsa tambaya, uwar tana tsaye a baya kamar 'yar rakiya. Wadda ta san komai ita ce ba ta da izinin buɗe baki. Na yi alkawari zan bi su a zuwa na gaba in faɗa a madadinta. Zuwan ya faɗo a makon jarrabawa, ban je ba.

Yaron yana da wata bakwai Inna Saude, uwar Daudu, ta zo daga ƙauyensu na wajen Gwiwa, da kwalbar man shanu da ƙullin sassaƙe. Kada wanda ya ɗauka muguwar tsohuwa ce. Tara ta haifa, huɗu ta binne tun suna goye, kuma yadda take son jikan nan ban ga irinsa ba. Ta tarar da ƙurajen suna kan ganiyarsu. Kwana shida tana zaune da shi a cinya, tana hura masa tafin ƙafa da bakinta, yana kuka tana hawaye. A na bakwai ta yanke shawara. Tunda an shafa na waje sau uku bai ji ba, ciwon daga ciki yake. Abin da ke shiga cikinsa kuwa ɗaya ne. Ta ce za a gwada nonon uwar, idan shi ne, za ta yaye yaron ta tafi da shi.

Da safe aka aiko mini. Na tarar da Inna Saude da Goggo Tasalla da wasu dattijai mata biyu a kan tabarma a tsakar gida. Ikilima ta tare ni a zaure, ta riƙe gefen mayafina.

"Malama, ki yi magana. Ni ba zan iya ba."

Aka tura ta ɗaki ta tatso nono a ludayi. Inna Saude ta ɗauko tururuwa a gindin katanga ta jefa a ciki. Yadda iyayenmu ke yi ke nan: idan ta haura ta fita, nono lafiyayye ne, idan ta mutu a ciki, ba shi da kyau. Muka zuba ido. Tururuwar ta yi iyo ta kai gefe, ta kama, ta zame. Ta sake kamawa, ta sake zamewa. Ni da ke kusa na ga abin da ke faruwa. Ludayin gidan mai matsar mai ne. Babu ƙwarya ko kwano a gidan nan da bai sha man gyaɗa ba, ko an wanke shi da toka sai ya yi santsi. A karo na huɗu ta daina motsi.

Da na ce a hankali, "Inna, ludayin nan yana da maiƙo, a sake da sabon kwano," wataƙila da ta yarda. Na sha juya wannan a raina. Amma ni ce, ban iya a hankali ba. Na miƙe na ce wace tururuwa ce za ta haura santsi, ko mutum aka jefa a rijiya mai gansakuka ai ba zai fito ba. Na ce yaro ɗan wata bakwai za a raba da nono a kan ƙwaro? Na ce wannan jahilci ne. Kalmar tana fita na san na ɓata.

Inna Saude ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, huɗu na binne. Ke nawa kika binne?"

Na koma na zauna.

"Ba zan binne jika ina kallo ba." Sai ta juya wajen ƙofar ɗaki, inda Ikilima ke durƙushe. "'Yar nan, kina da magana?"

Tsakani da Allah ta tambaya, na ga haka a fuskarta. Ikilima ta sunkuyar da kai, tana tona ƙasa da ɗan yatsa. Yarinyar da ta tsayar da ni a gaban allo. Can ta ce, "Ai ɗan Inna ne."

Goggo Tasalla ta gyara zama ta ce, "Haka aka rene ta."

Daudu da aka gaya masa cewa ya yi, abin da Inna ta ce shi ke nan. Washegari da sassafe ya ɗora uwarsa a babur, yaron a bayanta. Ikilima ba ta fito rakiya ba, ba a yi. Ta ɗora kasko ta zuba gyaɗa. Ina shirin tafiya makaranta na ji ƙauri ya cika gidana. Tun da nake da ita ban taɓa jin ta ƙona gyaɗa ba sai ranar.

Nono ya cika mata ya yi tauri, har da zazzaɓi. Na ce ta riƙa tatsewa safe da yamma don kada ya ƙafe, ko Allah zai sa a dawo da shi. Ta riƙa zagayawa bayan ɗaki tana tatsewa a gindin zogale. Ta yi kwana goma a haka, sai Goggo ta gane. Ta ce mugun nono ba a ajiye shi, ta jiƙa mata wani abu ta sha, ta ɗaure mata ƙirji da zani tamau. Ikilima ba ta musa ba. Zuwa Gwiwa kuma babu, don uwa ba ta bin yaron da aka yaye, kuma tambayar lafiyarsa rashin kunya ne. Idan Daudu ya dawo daga can sai ta ce, "Inna tana lafiya?" Ya ce lafiya lau. Ta tsaya tana jira ko zai ƙara wani abu. Shi kuwa Daudu ne.

Ba ta daina zana gawayinta ba. Ranar Juma'a ta uku ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, yau ne." Kafin la'asar aka kira Daudu a waya daga ƙauye. Sun fito, hannu da ƙafa, har sun fi na da yawa. Kusan mako biyu ke nan ko ɗigon nononta bai sha ba. Na ɗauka za ta ce kun gani, ni da na ce. Ba ta ce ba. Ta zauna a kan turmi ta haɗa tafin ƙafafunta tana goga su a hankali, ba ta ma san tana yi ba. Na tsaya a kanta ban da abin da zan ba ta.

Inna Saude ta ce sauran tsohon nonon ne a jikinsa, ta ci gaba da wanka da sassaƙe. Suka bushe, suka sake dawowa a kan lokacinsu. Wannan karon har da zawo, don madarar shanu da kunu ba su karɓe shi ba. Yaro ya rame, idanu suka faɗa. Tsohuwar ta tsorata, kuma a nan zan yaba mata: da bakinta ta ce a kai shi Kano. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na bi su, bayan na yi wa kaina alkawarin ba zan ce uffan ba.

Aka tura mu wajen likitar fata, wata matashiya mai tabarau. Inna Saude ce riƙe da yaron, ita ke amsa tambayoyin likitar. Yaushe ya fara? Da bazara. Sau nawa ya dawo? Da yawa. Kwana nawa yake yi? Yakan jima. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Ina uwarsa?"

Ikilima tana jikin ƙofa.

"Ke ce? Matso. Ɗanki ne?"

Ta dubi Inna Saude. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Yaron yana goga ƙafafunsa a cinyar kakarsa, yana wani kuka marar ƙarfi, kamar na ɗan akuya. Ban san abin da ya karye a cikinta ba. Na dai ji muryar aji huɗu ta dawo.

"Ɗana ne. Ranar Juma'a ya fara, yana da wata huɗu da kwana shida. Wannan ne karo na bakwai. Duk mako uku suke zuwa, kwana takwas suke yi. Tafin ƙafa suke fara fitowa, sannan hannu, ba sa hawa ciki ko hammata. Ba ya zazzaɓi. Ba wanda ya ɗauka a gidan. An yi maganin ƙazuwa sau uku, ba shi ke busar da su ba. Idan ana zafi sun fi yawa."

Ba ta dubi kowa ba har ta gama. Likitar ta ce, "Da za a samu uwa irinki kullum, da aikina ya yi sauƙi." Ta ɗan kankari fatar, aka kai ɗakin gwaji, muka jira. Babu ƙwaron ƙazuwa. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ciwo ne na jarirai da ba a cika gani ba, ita kanta takan daɗe ba ta gamu da shi ba. Ba a ɗauka, ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma har yanzu ba a san takamaiman dalilinsa ba. Ta faɗi sunansa da Turanci, dogo, ta ce ba ta san masa suna da Hausa ba. Za ta ba da man shafawa mai rage ƙaiƙayi da na sha, a riƙa yanke masa farce. Inna Saude ta ce, "Ba maganin da zai kashe ciwon gaba ɗaya?" Ta ce babu, ƙurajen za su riƙa zuwa suna raguwa, wajen shekara biyu ko uku su tafi da kansu.

Sannan ta ɗaga hannun yaron ta duba, ta ce, "Amma wannan ramar ba ta ƙurajen ba ce. Yana shan nono kuwa?"

Can Inna Saude ta ce, "Ni na cire shi. Na ce nonon ne."

"Mama, nonon ba ruwansa."

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Likitar ta ce a riƙa sa shi a nono a kai a kai, idan ya kama yana tsotsa, ruwan nonon yakan dawo.

Yanzu Musaddiƙ yana da shekara ɗaya da wata uku. Ƙurajen suna nan suna zuwa, sai dai sun fara yin latti, man kuma yana ɗan taimakawa. Idan sun zo, Ikilima takan zauna a ƙofar ɗaki da ƙafafunsa a hannunta, ta shafa, ta hura, ta jira kwana takwas su cika. Masu sayen ƙuli sun dawo rabi. Ni da Inna Saude muna gaisawa, na ba ta haƙuri, ta ce ita ce mai neman gafara. Amma abin da ya ƙi barin idona shi ne yammacin da muka dawo daga Kano.

Muna shiga gida, ko ruwa ba a sha ba, Inna Saude ta kwance goyon ta ɗora shi a cinyar Ikilima, a tsakar gida, ga Goggo Tasalla, ga ni. Ta ce, "Ba shi. A gabana za ki ba shi."

Ikilima ta ɗaga riga a gaban uwar mijinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kai masa baki. Ya dube ta, ya kau da kai. Ta juya shi ɗaya ɓangaren, ya turje, ya banƙare. Fiye da mako biyar ke nan rabonsa da ita. Ta matsa da yatsu ko ɗigo zai fito ya ji ɗanɗano, ta sake matsawa har fatar ta yi ja. Babu komai. Sai ta kira sunansa, da ƙarfi, kowa yana ji.

"Musaddiƙ. Musaddiƙ, ni ce."

Ya fashe da kuka, ya miƙa hannuwansa masu ƙuraje wajen kakarsa.

Ikilima ta sauke rigarta. Ta ɗaga shi ta miƙa wa Inna Saude, ya yi shiru nan take. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta ce, "Bari in dama masa kunu."